Yadda ake ɗora Linux a tsohuwar kwamfuta, da abin da lasisinsa ya yarje wa mai shago

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro yadda ya saba. Windows 11 kuma ba ta hawa sai na'urar da ke da guntun tsaro na TPM 2.0, da RAM jiga 4, da wurin ajiya jiga 64, da firosesa na ƴan shekarun nan. Galibin kwamfutocin kwatano da ke shigowa Maraɗi, da waɗanda ake ɗaukowa daga Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, alhali lafiyarsu lau. Abin da aka saba shi ne a ɗora masu Windows ta sata a yi shiru. Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, na tayar da irin waɗannan na'urori, kuma lasisinsa ya ba ka damar kwafa, da ɗora wa mutane, da karɓar kuɗin aikinka a fili, bisa wasu ƴan sharuɗɗa da za mu zo kansu bayan an gama aikin hannu.

Duba na'urar tukuna

Abu na farko firosesa. A Windows ka shiga Paramètres, Système, ka nemi layin « Type du système ». In ka ga x64, na'urar mai bit 64 ce, yawancin nau'o'in Linux na yanzu za su hau. Daga Core 2 Duo zuwa sama duk haka suke. Ƙananan kwamfutocin nan masu Atom N270 kuwa bit 32 ne. Cikin nau'o'in Linux, Linux Mint ya bar su tun fitowa ta 20 a 2020, Debian 13 da ya fito a Agustan 2025 shi ma ya daina yi masu faifan ɗorawa, saboda haka Debian 12 ya rage masu.

Sai RAM. Mint na tashi da jiga 2, amma da an buɗe shafi biyar a intanet za a fara jin nauyi. Mai jiga 2 ya ɗauki Mint na Xfce, mai jiga 4 zuwa sama ya ɗauki na Cinnamon, wanda fuskarsa ta fi kama da abin da mai Windows ya saba gani. Wurin ajiya jiga 20 ne mafi ƙanƙanta. In mai na'urar na da halin sayen abu ɗaya tak, ya sayi SSD ya maye gurbin tsohon faifai mai juyawa. Babu gyaran da ya kai wannan ƙara sauri.

Ka buɗe bayanta ka hure ƙurar hunturu daga fanka, ka sabunta man da ke kan firosesa in ya bushe. A zafin Afrilu da Mayu na'urar da fankarta ta toshe takan mutu ana tsakiyar aiki, sai a ɗora wa Linux laifi. Ka kuma dubi agogon BIOS, wato allon saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi. In kwanan wata ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu. Ka canza shi yanzu, domin da agogo marar daidai shafukan intanet za su riƙa ƙin buɗewa, sabuntawa kuma ta tsaya da cewa takardun shaidar ba su da inganci.

Kafin komi ya ci gaba, a kwashe hotuna da takardun mai na'ura a wani faifai na waje, a buɗe biyu ko uku daga ciki a gabansa ya gani da idonsa.

Saukowa da shirya kile

Fayil ɗin ISO na Mint, wanda ke ɗauke da dukan tsarin da za a ɗora, ya kusa jiga 3. Ka sauko da shi daga shafin Linux Mint kansa, kuma ka zaɓi hanyar torrent in akwai, don in rezo ya yanke sai ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba a sake cinye forfe daga farko ba. Sau ɗaya ake wannan wahala, kile guda ya ishi na'ura ɗari.

Kada a tsallake tantancewa. A shafin akwai wani ɗan fayil mai suna sha256sum.txt da ke ɗauke da dogon layin haruffa da lambobi 64. A Windows ka buɗe cmd a cikin jakar da ISO yake, ka rubuta certutil -hashfile, sunan fayil, sannan SHA256. Abin da ya fito dole ya yi daidai da na shafin baƙi da baƙi. In ya saɓa, fayil ɗin ya lalace a hanya, kuma irinsa ne ke kai ka rabin ɗorawa ya tsaya.

Kile na jiga 8 ya wadatar, amma a kula da na jabu, masu rubutun jiga 64 a jiki alhali cikinsu bai kai takwas ba. H2testw na tona asirinsu. Manhajar Rufus ce ke rubuta ISO a kile, kuma tana share duk abin da ke ciki. A wurin « Schéma de partition » ka zaɓi GPT in na'urar mai UEFI ce, wato sabon salon BIOS, MBR in tsohuwa ce mai BIOS zalla. Mai shago ya fi amfana da Ventoy: sau ɗaya ake shirya kile, daga nan sai dai a riƙa jefa fayilolin ISO ciki, Mint da Debian gefe da gefe, a zaɓi wanda ake so wurin tayarwa.

In za a bar Windows a gefe

Wanda zai share komi ya wuce wannan. Wanda zai riƙe duka biyun, akwai abu uku da zai yi daga cikin Windows. Ya kashe BitLocker, mai kulle faifai a Windows, in yana kunne, ko aƙalla ya rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda. Ya buɗe cmd da ikon mai gudanarwa ya rubuta powercfg /h off, saboda Windows ba ta kashe kanta gaba ɗaya, takan bar faifai a kulle yadda Linux ba zai iya rubutu a ciki ba. Sannan ya shiga « Gestion des disques » ya rage girman ɓangaren C ya bar fili kamar jiga 50 babu komi.

Tayarwa da gwaji

A soka kile, a kunna, a riƙa danna maɓallin zaɓi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo da Toshiba, Esc a yawancin Asus. In allo ya yi baƙi bayan alamar Mint, galibi katin hoto na Nvidia ne; a sake tayarwa a zaɓi layi na biyu, mai « compatibility mode ».

Mint zai buɗe daga kile ba tare da ya taɓa faifai ba, kuma nan ne wurin bincike. A gwada wifi, sauti, kyamara, hasken allo, a soka firinta a fitar da shafi guda. Mai sibar ko mai shagon buga takardu kada ya matsa daga nan sai firintarsa ta yi aiki. Na HP yawanci suna tashi da kansu saboda direban HPLIP. Canon LBP2900, wadda ta cika shaguna, tana buƙatar direban CAPT, kuma ɗora shi aiki ne mai cin rai. Gara a sani tun yanzu.

Sai a danna alamar ɗorawa. A zaɓi Faransanci ko Ingilishi. Wurin allon rubutu a dubi maɓallan da ke gabanka: in layin sama ya fara da AZERTY, na Faransa ne, in QWERTY ne, kamar yawancin na Kano, a zaɓi na Amurka. A gwada a akwatin da ke ƙasa, don kuskure a nan shi ke sa kalmar sirri ta ƙi shiga daga baya. A sa alama a « codecs multimédia » domin bidiyo da sauti su yi wasa. In Secure Boot, tsaron tayarwa da ke cikin BIOS, na kunne, za a nemi wata kalmar sirri ta wucin gadi, wadda za a sake tambaya a wani shuɗin allo bayan tayarwar farko, inda ake zaɓar « Enroll MOK ». Shuɗin allon nan QWERTY kaɗai ya sani. Mai AZERTY ya guji a, q, z, w da m a cikin kalmar, in ba haka ba zai yi ta bugawa tana ƙi.

In manhajar ɗorawa ta ce ba ta ga faifai ba, ko ta ambaci Intel RST, a koma BIOS a mai da yanayin SATA zuwa AHCI. Amma in akwai Windows da za a riƙe, a sa ta tashi a « mode sans échec » sau ɗaya bayan canjin, in ba haka ba za ta ƙi tashi.

Daga nan zaɓi biyu ne: « Effacer le disque » ko a ɗora kusa da Windows. A zaɓi Niamey a taswira, a ba da suna da kalmar sirri. Aikin na cin minti goma sha biyar zuwa arba'in. Kwamfutar tebur a haɗa ta da ondilar, ta hannu kuma a cika batirinta, domin in kuran ya ɗauke ana rubuta ɓangaren tayarwa, sai an sake daga farko.

Bayan an tashi

In wifi bai fito ba, mai yiwuwa katin Broadcom ne. A haɗa wayar Android da kebul, a kunna raba intanet ta USB, a buɗe « Gestionnaire de pilotes » a ɗora direban da ya nuna. Sannan a buɗe Timeshift a ɗauki hoton tsarin yadda yake lafiya, kafin sabuntawar farko, wadda takan ci ɗaruruwan mega. In kuran ya yanke ana cikinta, ba a sake ɗorawa: a buɗe Terminal, wurin rubuta umarni, a rubuta sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt-get -f install. Mai Windows a gefe zai ga agogo na saɓawa da awa ɗaya duk sanda ya sauya, don Linux na ajiye lokacin duniya, Nijar kuma na gaba da shi da awa guda. Rubuta timedatectl set-local-rtc 1 a Terminal na raba gardamar.

Mai na'urori da yawa ya yi sabuntawa da apt-get a guda ɗaya, ya kwashe fayilolin .deb da ke /var/cache/apt/archives ya zuba su a wuri ɗaya a sauran, sai su ɗauka daga nan maimakon intanet. A rumbun manhajoji kuma a fifita « paquet système » a kan Flatpak, wanda kan jawo kaya masu nauyi saboda ƙaramar manhaja ɗaya.

LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, amma shafuka kan zame in babu irin haruffan da aka yi rubutun da su. A ɗora fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea; faɗinsu ɗaya da Calibri da Cambria. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da zai kai kundinsa a buga, ya fitar da shi PDF tun daga gida. Masu rubutun Hausa kuma, a LibreOffice a rubuta U+0253 a danna Alt da X, ɓ zai fito. 0257 na ɗ ne, 0199 na ƙ, 01B4 na ƴ.

Abin da lasisin ya ce

Manhaja mai ƴanci tana da mai ita. Dokar haƙƙin mallaka na kare ta kamar yadda take kare Windows, kuma Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyarta ta Bangi ta 1977, bayan gyare-gyaren da aka yi mata, ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da ake karewa. Bambancin yana ga abin da mai ita ya rubuta ya yarje.

Richard Stallman ya fara aikin GNU na gina tsari mai ƴanci a 1983, ya fitar da lasisin GPL a 1989, na biyu a 1991, na uku a 2007. Linus Torvalds ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ya sa shi ƙarƙashin GPL a 1992, kuma har yau zuciyar tsarin na kan GPL na biyu. Abu huɗu lasisin ya ba kowa: ya yi amfani da manhajar a kowane aiki, ya karanta asalin rubutunta, wato umarnin da masu haɗa ta suka rubuta, ya gyara, ya kwafa ya ba wani, ya kuma raba gyararren. Sharaɗin shi ne wanda ka ba shi ma ya samu waɗannan huɗun, kamar a ba ka irin gero bisa alkawarin in ka girbe ba za ka hana maƙwabci iri ba.

Ga yadda wannan ke sauka a shago. Kuɗi halal ne: na ɗorawa, na kile, na koyarwa, na gyara, ko nawa kuka daidaita. Abin da ba ka da iko a kai shi ne hana wanda ya saya kwafa wa ƙaninsa, ko ka ce sai ya biya ka kan kowace na'ura. In ka gyara wani abu don amfanin shagonka ko makarantarku kaɗai, babu wanda ke bin ka bayani. Nauyi na hawa kanka ne ranar da kwafi ya bar hannunka.

Wanda ke sayar da kwamfuta da Linux a ciki rabawa yake yi ta kasuwanci, kuma GPL na biyu ya ba shi hanya biyu: ya haɗa da asalin rubutun manhajojin, ko ya ba da rubutaccen alkawari mai aiki aƙalla shekara uku cewa duk wanda ya nema zai ba shi, ba tare da karɓar fiye da kuɗin kwafar ba. Yawancin masu shago ba su san da wannan ba, alhali cika shi ba wuya. A buga takarda rabin shafi da Hausa da Faransanci, mai sunan tsarin da lambar fitowarsa, da cewa yawancin abin da ke ciki na ƙarƙashin GPL, da alkawarin, da inda za a same ka. Debian na fitar da faifan asalin rubutu na kowace fitowa, ana iya ajiye su a faifai ɗaya a shago. A Mint kuwa, a kunna « dépôts de code source » a cikin « Sources de logiciels », sai apt-get source da sunan manhaja ya sauko da nata. In kai ka gyara wani abu a ciki, gyararren za ka bayar, tare da nuna abin da ka canza da ranar.

Ba komi ke kan GPL ba. Don sanin na kowace manhaja, a buɗe /usr/share/doc, a shiga jakar sunanta, a karanta fayil mai suna copyright. Cikakkun lasisan kuma na /usr/share/common-licenses. MIT da BSD ba su neman komi sai a bar sunan marubuci da rubutun lasisin, har an yarda kamfani ya ɗauka ya gyara ya rufe. Apache 2.0 haka yake, da ƙarin kariya kan haƙƙin ƙirƙira. AGPL ya fi GPL tsauri: in ka gyara manhajar ka ɗora ta a intanet mutane na aiki da ita, sai ka ba su asalin rubutun ko da ba su sauko da komi ba. Matashin da ke haɗa wa kantin magani ko makaranta manhajar lissafi ya duba wannan tun kafin ya ɗauko guntun aikin wani ya saka a nasa, don in guntun na GPL ne, duk manhajar da ya miƙa za ta bi GPL. Akwai kuma waɗanda sam ba masu ƴanci ba ne ko da ana samun su kyauta, irin su Chrome, da direban Nvidia, da haruffan Microsoft. Waɗannan a bar mai na'ura ya amince da sharaɗinsu da kansa.

Suna da tambari ba su cikin abin da aka yarje. In ka canza tsarin sosai, ka ba shi wani suna. Debian kansa ya shekara goma, daga 2006 zuwa 2016, yana kiran Firefox da Iceweasel saboda saɓani kan tambari. Lasisin ya kuma faɗa ƙarara cewa babu garanti daga marubuta, saboda haka duk alkawarin gyara da ka yi wa mai saye, naka ne kai kaɗai. Wanda ya karya sharaɗi, a GPL na biyu izininsa ya faɗi nan take. Na uku ya ba mai laifin farko kwana 30 ya gyara bayan an sanar da shi.

Wane za a dogara da shi nan gaba

Kafin a ɗora wa makaranta ko ofis tsari guda a na'ura ashirin, a tambayi wa ke riƙe da shi. A Disamban 2020 kamfanin Red Hat ya sanar da dakatar da CentOS Linux, wanda dubban ma'aikatu suka dogara da shi, a Yunin 2023 kuma ya taƙaita yadda ake samun asalin rubutun tsarinsa na kasuwanci. Wasu suka ɗauki abin da lasisi ya riga ya ba su suka kafa Rocky Linux da AlmaLinux. LibreOffice ma haka aka haife shi a 2010, bayan Oracle ya sayi kamfanin Sun mai OpenOffice. Kamfani na iya canza lasisin fitowar gobe in shi kaɗai ke da haƙƙin rubutun, amma ba ya iya janye na jiya. Zuciyar Linux kuwa haƙƙinta na warwatse a hannun dubban mutane da kamfanoni, shi ya sa sauya mata lasisi ya yi kusa da abin da ba zai yiwu ba.

Inda ya kamata a sa ido shi ne sauran sassan. Ubuntu, wani nau'in Linux, a fitowarsa ta 25.10 ya maye ƙananan kayan aikin GNU masu GPL da wasu sababbi da aka rubuta da harshen Rust masu lasisin MIT. Mai amfani ba zai ga bambanci a allo ba, amma duk sashen da ya koma MIT, mai ƙera na'ura na iya rufe nasa gyaran. Wayar Android da ke aljihunka ta nuna inda hanyar ke iya kaiwa: zuciyarta Linux ce, amma a wayoyi da yawa an kulle ƙofar yadda ba ka iya ɗora naka tsarin. GPL na uku ya hana irin wannan kulle, na biyu bai hana ba. A ganinmu wannan ya isa dalilin da mai sayen kwamfutoci don sayarwa zai riƙa shiga BIOS yana tabbatar ana iya kashe Secure Boot, kuma ba a sa masa kalmar sirrin wani ofishin Turai ba, kafin ya biya.

Debian, wanda aka kafa a 1993, ba na kamfani ba ne, masu aikinsa ke zaɓen shugabansu duk shekara. Mint na kan Ubuntu na kamfanin Canonical, amma yana riƙe da wani reshe mai suna LMDE da aka gina kai tsaye kan Debian, don ko Ubuntu ya sauya hanya. Ga shago da gida Mint ya fi sauƙi. Ga ɗakin kwamfutocin makaranta da ke da mai kula, Debian. Kowanne aka ɗauka, a tsaya kan fitowa mai dogon tallafi: jerin Mint 22 na kan Ubuntu 24.04, yana samun gyaran tsaro har 2029. A rubuta lambar fitowar da wannan shekara a ƴar takarda a manna ƙarƙashin na'urar, kusa da takardar alkawarin, don mai gyaran da za a kai wa ita gaba ya san lokacin da za a ɗaga ta zuwa sabuwa.